Ranar da Muka Bi Ruwan Kanal Har Tiga Neman Kifi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya a watan Afrilu ya san yadda ƙasa take a lokacin. Gonaki sun bushe ƙayau, ciyawa ta ƙare, ƙura ce kawai ke tashi. Amma da zarar an wuce Tamburawa an doshi Karfi da Kura, sai ido ya faɗa cikin kore shar: shinkafa nan, masara can, ga albasa, ga ragowar tumatir, ga ruwa yana gudu a kanal kamar ba bazara ba.

Wannan ne ya sa wani ɗan ajinmu ya yi tambaya a taron ƙungiyar matasan manoma ta makarantarmu. Ya ce, "Malam, wai ruwan nan daga ina yake fitowa? Kuma akwai kifi a ciki?" Malaminmu na aikin gona ya ce gani ya kori ji, idan an yi hutu kowa ya nemo fatsarsa. Haka muka haɗa kuɗin mota, iyayenmu suka sa hannu a takardar izini, muka tashi ranar wata Asabar mu goma sha takwas da malamai biyu.

Burinmu ba ƙarami ba ne. Mun sha ganin hotunan bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, inda ƙarti ke rungumo giwan ruwa da ya fi kilo 70. Kowannenmu a ransa shi ne zai dawo da irin wannan.

Daga Karfi zuwa Bunkure

Mun yi shirin tashi bayan sallar Asuba, amma jiran wannan da jiran wancan ya sa ba mu bar Kano ba sai wajen ƙarfe takwas. A lokacin ba mu san wannan lattin zai jawo mana asara ba. A Karfi, cikin ƙaramar hukumar Kura, muka tsaya muka sayi gasasshiyar masara, sannan muka karya kwana muka ɗauki hanyar Bunkure.

Ba mu yi nisa ba Malam ya sa direba ya tsaya a bakin wani kanal. Nan ya fara bayani. Ya ce sunan wannan aiki Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda aka fi sani da aikin Kadawa, kuma ya ratsa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Kashin farko na aikin an tsara shi ne a kan kimanin hekta 22,000. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne babu inji. Ruwan gangarowa yake yi da kansa daga tudu zuwa kwari, daga babban kanal zuwa matsakaici, daga matsakaici zuwa ƙanana da ke bin gefen gonaki. Mun ga wani manomi ya ɗauki lanƙwasasshen bututun roba ya nutsa shi a ruwa, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya jefa shi ta kan kunya, sai ga ruwa yana kwarara cikin gonarsa. Uku daga cikinmu suka gwada, ba wanda ya iya. Manomin ya yi dariya ya ce, "Samari, ai wannan ba a allo ake koyonsa ba."

A nan muka fara ganin kifi. Ƙanana ne, kamar yatsa, suna tsaye a inda ruwa ke faɗowa daga ƙofar kanal. Wasu yara biyu suna ciki tsamo-tsamo, sun riƙe gidan sauro ta gefe da gefe suna ja. Da suka ɗago shi, mun leƙa: 'ya'yan kifi ne fal, babu wanda ya kai tsawon ashana biyu. Suka juye a bokiti suka koma. Ba wanda ya ce komai a cikinmu, don a lokacin ba mu ga abin magana ba.

Zafi ya fara, wani daga cikinmu ya soma cire riga zai faɗa ruwa. Malam ya daka masa tsawa. Ya ce dalili biyu ne. Na farko, gefen babban kanal siminti ne mai gangara da gansakuka, ruwan kuma ya fi yadda ake gani ƙarfi, wanda ya zame da wuya ya sami abin kamawa. Na biyu tsargiya. Ya nuna mana ƙananan katantanwa manne da ciyawar bakin ruwa, ya ce a jikinsu ƙwayar cutar ke girma, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba. Bayan wani lokaci sai yaro ya fara fitsarin jini. Ya ce masu cewa wai alamar balaga ce ba su faɗi gaskiya ba. Cuta ce, tana lalata mafitsara idan aka bar ta, kuma akwai maganinta a asibiti. Abokin namu ya mayar da rigarsa ba musu.

Inda ruwan ya fito

Daga Bunkure muka wuce Rano, muka bi ta yankin Rurum mai duwatsu. A wannan yanki ne tafkin Ruwan Kanya yake, inda ruwan da aka sako daga Tiga ke yada zango kafin ya kama hanyar gonaki, ya rabu gida biyu, reshen gabas da reshen yamma. Wato tun safe kishiyar hanyar ruwan muke bi: shi yana gangarowa, mu muna haurawa.

Wajen ƙarfe sha ɗaya muka iso Tiga, a ƙaramar hukumar Bebeji. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba sai ran nan. An gina madatsar ne tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a daidai shekarun da fari ya addabi Arewa da ƙasashen Sahel. Tsawon bangon ya kai kimanin kilomita 6, tsayinsa mita 48. An tsara tafkin ne ta yadda idan ya cika zai mamaye kusan murabba'in kilomita 178, ya ɗauki ruwa kusan lita tiriliyan 2.

Amma ranar bai cika ba. Tun ƙarshen damina ake ɗiba ba a zubawa, rana kuma tana shan nata. Ruwan ya ja baya ya bar fili mai taɓo da ya tsattsage, kuma a jikin duwatsu ana ganin zanen inda ya tsaya a watan Satumba, sama da kanmu.

Bakin ruwan kuwa kamar kasuwa. Ga 'yan birni da suka zo shan iska da tabarmi da kuloli, ga matasa suna ta ɗaukar hoto da waya, wani ya kunna sauti har ƙasa na rawa. Ga masu kwalekwale suna kiran fasinja a zaga da su. Can gefe Fulani sun kawo shanu shan ruwa, mata na wanki, wasu na wanke babura, masu suyar kifi na ta fifita wuta. Kowa da abin da ya kawo shi, kuma duk ruwa ɗaya suke nema.

Mu ma muka sami wuri a tsakiyar hayaniyar, muka soka tana a ƙugiya, muka jefa fatsa goma sha takwas. Awa ɗaya ta wuce. Awa biyu. Rana ta take, zafi ya doshi digiri 40. Abin da muka kamo shi ne leda guda biyu da tsohon silifa. Zaren mutum uku ya sarƙe da na juna, aka fara musayar baƙar magana. Wanda ya yi tambayar da ta jawo tafiyar ya zauna ya haɗa kai da gwiwa, don kowa harararsa yake yi.

Karatun Baba masunci

Akwai wani dattijo a ƙarƙashin bishiya yana ɗinkin kalli, tun zuwanmu yake kallonmu. Bayan mun yi Azahar Malam ya je ya gaishe shi, muka bi shi muka durƙusa.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa 'ya'yana, sannunku da rana. Me aka samu?"

Muka nuna masa silifan. Ya yi murmushi ya ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma. Ku da kanku kun gudo inuwa, shi kuma kuna so ya zauna a rana yana jiranku? Da wane lokaci kuka zo?"

"Sha ɗaya, Baba."

"To ai lokacin mu mun daɗe da dawowa. Wanda ke son kifin bazara, kafin rana ta fito yake kan ruwa. In ya makara, sai ya jira ta yi sanyi."

Ya ce da rana ta ɗaga, ruwan gaɓa yakan yi ɗumi kamar na wanka, sai manyan kifaye su koma zurfi, ko su laɓe a gindin duwatsu da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye. Ga kuma hayaniya. Ya ce kifi yana jin takun ƙafa a gaɓa, yana jin bugun filafili a jikin jirgi, yana ganin inuwar mutum idan ta faɗa ruwa. Inda shanu suka dama, inda ake wanki da sabulu, inda yara ke tsalle, ba wurin jefa fatsa ba ne.

Malam ya ƙara mana da abin da ke cikin littafi, sai muka ga maganar ɗaya ce. Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke a ruwa, kuma ruwa mai ɗumi bai riƙe ta kamar mai sanyi. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 tana iya riƙe kimanin miligiram 9, amma a digiri 30 ba ta wuce 7 da rabi. Jikin kifi kuma ba ya tsayar da zafinsa kamar namu, yanayin ruwan yake bi. Ya ce haka nan can ƙasan tafki mai zurfi iskar takan yi ƙaranci a lokacin zafi, don haka kifi tsaka-tsaki yake nema: inda ba zafi sosai, kuma akwai abin shaƙa. Tarwaɗa ce ta fi sauran juriya, domin tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye. Gaiwa kuwa ta fi kowa dabara: idan ruwa ya ƙafe sai ta shige taɓo ta kwanta har damina.

Wani ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, giwan ruwa fa?"

Dattijon ya dubi siririn zaren da ke hannunsa ya ce, "Yaro, da wannan? Giwan ruwa ba kifin gaɓa ba ne, kuma ba ya cin tana, kifi ɗan'uwansa yake ci. Ka fara da karfasa tukuna." Ya lissafa mana abin da aka saba fitowa da shi: karfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, kurungu, kawara. Ya nuna mana kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya: kalli da ake shimfiɗawa a ruwa a bar shi ya kwana, birgi da ake wurgawa ya buɗe kamar faifai, mamari mai ƙugiyoyi da yawa a igiya ɗaya, da gura da ake nutsawa da dusa a ciki.

Sai ya ɗaga kallin ya zura yatsunsa uku a ido ɗaya. Ya ce, "Kun ga wannan? Ƙaramin kifi wucewa yake yi abinsa, babba ne ke maƙalewa. Haka muka gada. Yanzu kuwa har da gidan sauro ake su. An ba mutum don ya kare 'ya'yansa daga zazzaɓi, ya kawo shi ruwa ya kwashe 'ya'yan kifi. Wani ma guba yake zubawa, ya kashe na ci da na bari, ya sayar wa mutane su ci. To baɗi me za a kama?"

Muka dubi juna. Kowa ya tuna bokitin yaran nan na kanal.

Bayan La'asar

Da rana ta karkata, Baba ya tashi ya ce mu biyo shi. Muka yi tafiyar kusan minti ashirin a ƙafa, har sautin kiɗa ya dushe, muka iso wani lungu da duwatsu suka shiga cikin ruwa suka yi inuwa. Ya raba mu uku-uku, ya ce kowa ya zauna, kada a tsaya, kada inuwa ta faɗa ruwa, kuma a yi shiru. Ya rage mana girman ƙugiya, ya matsar da ɗan karan da ke yawo a sama don koto ya ƙara nutsewa. Ya watsa ɗan jiƙaƙƙen dusa, ya koma gefe.

Yin shirun nan ya fi komai wuya. Amma ba a yi minti goma sha biyar ba karan wani ya nutse. Ya fizga, sai ga karfasa mai faɗin tafin hannu tana walƙiya. Muka manta da doka muka yi ihu, Baba ya ɗaga hannu, muka koma muka natsu. Kafin rana ta yi ja mun kama karfasa tara, kurungu biyu da tarwaɗa ɗaya. Kurungun ya soki mai shi da ƙayarsa, ya koyi yadda ake riƙe shi ta bayan kai.

Wanda ya jawo tafiyar shi ne na ƙarshe da ya samu. Tun safe bai ga komai ba, sai dab da tashi karansa ya motsa. Da ya ɗago, 'yar karfasa ce da ba ta fi yatsu biyu ba. Nan gardama ta tashi. Wasu suka ce ya jefa a bokiti, ai kifi kifi ne, kuma in ya sake ta da me zai nuna a gida? Wasu suka ce a tambayi Baba.

Baba ya ce, "Ni ba ruwana, shi ya kama. Amma ka sani, yaro, wannan in ka soya ta loma ɗaya ce. In ka bar ta, kafin shekara ta zagayo ta isa haihuwa."

Malam ya ce irin wannan karfasa, uwar a baki take ɗaukar ƙwanta, ɗaruruwa a lokaci guda, ba ta cin abinci sosai har sai sun ƙyanƙyashe, kuma ko bayan nan in sun ji tsoro bakinta suke komawa. Ya ce tarwaɗa da wasu kifaye da dama da ruwan farko suke hayayyafa, idan tafki ya fara hawa kan ciyawa, don haka a ƙarshen bazara da yawa cikinsu ɗauke suke da ƙwai.

Abokin namu ya daɗe yana kallon kifin a hannunsa. Sannan ya jiƙa hannu kamar yadda Baba ya nuna masa, ya zare ƙugiyar a hankali, ya sa shi a ruwa. Kifin ya ɗan tsaya, ya kaɗa jela ya ɓace. Ya koma gida hannu rabbana, kuma an yi ta tsokanarsa a mota. Amma biyu daga cikin masu tsokanar, mun gan su sun faki ido sun mayar da ƙananan da ke bokitinsu.

Hanyar dawowa

Mun dawo ta Bagauda, inda reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi yake, muka hau titin Zariya, muka biyo ta Kadawa da Kura. A hanya Malam ya ce mu lissafa masu rabo a ruwan da muka gani. Muka fara: masunta, manoman shinkafa da alkama da tumatir, makiyaya, masu wanki, 'yan shan iska. Ya ce saura. Akwai masu casar shinkafa na Kura da 'yan kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, waɗanda ko ba su taɓa ruwan ba da shi suke ci. Akwai mu kanmu, don wani kaso na ruwan famfon birnin Kano daga nan yake.

Akwai kuma waɗanda ba mu gani ba. Kogin Kano yana haɗuwa da na Challawa su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil ya shiga Jigawa, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ragowar ta bi Komadugu Yobe ta nufi Tafkin Chadi. Tun da aka gina Tiga, sannan aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika waɗancan fadamu kowace shekara ta ragu, masunta da manoman can sun ji a jikinsu. Ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Wato koren da muke sha'awa a Kura, akwai wanda ya biya kuɗinsa a can ƙasa.

Game da giwan ruwan da muka ci buri, Malam ya ba mu labarin Tafkin Biktoriya a gabashin Afirka. A shekarun 1950 aka kai shi can, inda da babu shi. Ya girma ya yi yawa, ya zama abin sayarwa har Turai, amma ya cinye ƙananan kifayen tafkin har iri da yawa suka ɓace. Ya ce ruwa yana da tsarinsa, abin da ka zuba da abin da ka ɗebe duk sai sun nuna.

Magariba ta same mu a Kura. Muka tsaya salla, muka sake leƙa kanal. Ruwan na nan yana gudu cikin duhu, manoma na tattara bututunsu. Yaran masu gidan sauro ba mu sake ganinsu ba, kuma har yanzu muna tattauna abin da ya kamata mu ce musu da safen nan. Wasu na ganin laifi suke yi, wasu na cewa wataƙila abin miyar gidansu ke nan. Abin da muka amince a kai shi ne, a zangon karatu mai zuwa ƙungiyarmu za ta nemi izinin ziyartar wata firamare a yankin, mu yi magana da ƙannenmu kan tsargiya da kuma 'ya'yan kifi.

Ga 'yan'uwa ɗalibai da ke son yin irin wannan tafiya, shawararmu kaɗan ce. Ku je da malami ko wani babba, da sanin iyaye. Ku isa bakin ruwa da sassafe, kada ku yi lattinmu. Ku fara gaida masuntan wurin, ku nemi izini, don kowane ruwa da masu shi da Sarkin Ruwansa. Ku ɗauki ruwan sha da hula. Kada wanda ya shiga kwalekwale ba rigar kariya, kada wanda ya yi wanka a kanal. Ku kwashe ledojinku in za ku tashi. Idan kuma ƙaramin kifi ya kama fatsarku, ku jiƙa hannu ku mayar da shi.